Kujerar Zamani: Daga Ina Za Mu Ɗauko Siffa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Ina gode wa waɗanda suka haɗa wannan zama, da malamai, da ɗalibai, musamman kuma iyayen gidanmu kafintoci da masu walda da suka rufe shago suka taso tun daga Panteka. Allah ya saka da alheri. Abubuwa huɗu na zo da su: awo, siffa, kayan aiki, sai kuɗi.

Na farko awo, kuma ba zan daɗe a kai ba don yana cikin littattafanku. Kujerar karatu ko ta cin abinci, daga ƙasa zuwa mazauni santimita 43 zuwa 45 ne. In mutum ya jingina, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa, in ba haka ba ƙafa ta yi sanyi. Majingina ta ɗan kwanta baya, digiri 100 zuwa 105. Sai dai wannan awo da mai wando da kwat aka yi shi. Namu mutumin da babbar riga zai zauna. In ka matse hannuwan kujera, Alhaji zai tashi, kujera ta ce sai ta raka shi. (Dariya.) Ku faɗaɗa, ku goge duk wata kusurwa da za ta kama yadi.

To, na biyu, siffa. Nan ne zuciyata take, ku yi mini haƙuri.

Abin da ke damuna shi ne, yaro zai shiga intanet ya kwafo kujerar Turawa, ya yanka dagin Arewa a falanki ya manna a bayanta, ya ce ga kujerar Hausa ta zamani. A'a, ɗana. Wannan kujerar wani ce ka sa wa hula. Dagi yana da kyau, ina son sa, amma in ka ɓamɓare shi kujerar tana nan yadda take, ba ta rasa komai ba. Aron gaskiya shi ne wanda in ka cire shi, kujerar ta faɗi. Ku rubuta wannan. In ka cire shi, ta faɗi.

Su Turawan da muke kwafa, ya suka yi? A 1859, a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14. Turara itace yake yi da tururin ruwa har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi a cikin ma'aunin ƙarfe, wato ƙarfen da aka ƙera da siffar da yake so, ya bar shi ya bushe a haka. Itace guda shida, sukuru goma, noti biyu, kujera ta tashi. In aka warware su, kujeru 36 ke shiga akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Wannan lanƙwasa da kowa ke yabo, ita ce ƙafar baya, ita ce kuma majingina, sanda ɗaya ce ta zagayo. Kyan da aikin abu ɗaya ne.

A 1925, a makarantar Bauhaus ta Jamus, Marcel Breuer, saurayi ne bai kai shekara ashirin da biyar ba, ya tsaya yana kallon kan kekensa. Bututun ƙarfe, mara nauyi, an lanƙwasa shi bai karye ba, ga shi yana ɗaukar nauyin mutum. Daga nan kujerarsa ta bututu ta fito, wadda daga baya aka sa wa suna Wassily saboda mai zane Kandinsky. Ku lura, bai zana hoton keke a jikin kujera ba. Dabarar keke ya ɗauka. Masu walda, ku da kuke ɗura busasshen yashi a faif, ku toshe bakinsa, sannan ku lanƙwasa don kada ya lotse, ai ilmin nan yana hannunku tuntuni. Malam na ga kana gyaɗa kai, ka san abin.

Shi kuwa Gerrit Rietveld na ƙasar Holan, wajen 1918 ya yi kujera da miƙaƙƙun sanduna da falanki biyu, daga baya ya shafa mata ja da shuɗi da rawaya da baƙi irin zanen 'yan ƙungiyar masu fasaha ta De Stijl, su mai zane Mondrian. A ido abin sha'awa ce. Amma ra'ayina, an fifita ido a kan baya, ba kujerar da za ka ba surukinka ba ce. (Dariya.) Hans Wegner na Denmak kuma kujerun Sin na zamanin daular Ming ya zauna ya nazarta, ya fitar da tasa a 1949, har yau ana ƙera ta. Aro ba laifi ba ne, kowa ya ara.

To mu me za mu ara? Zariya ba nisa, mota ɗaya ce daga tashar Kawo ta Kaduna. Ku je tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ku shiga ciki ku ɗaga kai. Matsalar Babban Gwani ita ce azara ba ta iya haye babban ɗaki ita kaɗai, sai ta sunkuya. Sai ya dasa ta a jikin ginshiƙi, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, ya ƙara wata ta ƙara leƙowa, daga dama da hagu, har suka haɗu a sama, aka lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. Gajerun itatuwa sun haɗa kai sun ɗauki rufin da dogo ɗaya ba zai ɗauka ba. Kuma azarar giginya ce, gara ba ta cika yi mata komai ba.

Yanzu ku rufe ido ku ga kujera. Baka biyu sun gitta juna a ƙarƙashin mazauni, kamar yadda suke gittawa a rufin soro, ƙarshensu huɗu su ne ƙafafu. Ba da ƙaton katako ba, da siraran falankai da aka jera aka manne da gam a kan ma'auni, kowanne na tallafar ɗan'uwansa. Ba ka rubuta Arewa a jiki ba, ba ka manna komai ba, amma duk wanda ya taɓa zama a soron gidan sarauta zai gane ta. Cire bakan, me zai faru? (Murya daga cikin jama'a: Ta faɗi!) Ta faɗi! Allah ya yi maka albarka.

Kuma ba ni na fara wannan magana ba. A Zariyar nan dai, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko suka kafa ƙungiya, suka ce a haɗa ilmin da aka koya a aji da fasahar gida. Nwoko ya yi gine-gine, ya ƙera kujeru, kuma a 2023 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin fasahar gine-gine na Benis ta Italiya. Ku duba kuma kujerun Nufawa na Bida, daga kututture ɗaya ake sassaƙo su, ƙafafu da mazauni ba haɗi ba ƙusa. Ko 'yar kujerar tsakar gida da iyayenmu mata ke tuƙa tuwo a kai...

Na nawa muke? Na uku ko? An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. To kayan aiki a gurguje. Katako ya bushe kafin ka taɓa shi. Ka ƙera da ɗanyen katako da damina, hunturu na zuwa haɗin zai saki, kujera ta fara ƙara. Maɗaci yana da kyau, malaina ta fi araha. Mazauni kuwa ba dole sai soso ba: ga jar fatar awakin Sakkwato, ga saƙar igiya, iska na ratsa su a zafin watan Maris. Batun kuɗi sai wani zaman. Hajiya, ga hannunki a sama, bismilla.

(Wata baiwar Allah ta ce mahaifinta gwiwa ta hana shi sujada, a kujerar roba yake salla, kuma sau biyu tana zamewa da shi a kan tayil. Ta ce ko akwai wanda ya yi tunanin irinsu?)

Allah ya ba Baba lafiya, Hajiya. Wallahi tambayarki ta fi laccar. Ɗalibai, ku ɗauko biro. Dattijo mai ciwon gwiwa, tashi ne wahalarsa, don haka mazauni ya ɗara na kullum tsawo, kamar santimita 48, kuma mai tauri, kada ya nutse. Ƙafafun su buɗe waje kaɗan, a sa musu roba a ƙasa, don in ya sunkuya ruku'u nauyinsa gaba yake tafiya. Faɗinta kada ya wuce kafaɗar mutum, don ta shiga sahu ba ta raba shi da na gefensa ba. Hannu gajere, iya inda zai dafa ya miƙe. Kuma mara nauyi, yadda jikansa zai ɗauka da hannu ɗaya zuwa masallaci. Bututu zai yi wannan aiki. Malam na Panteka, in yaran nan sun kawo zane ranar Asabar, za ka lanƙwasa mana ta gwaji? Ya ce zai yi. Hajiya, kafin ki tafi ki ba su tsawon Baba, da awon ƙafarsa daga diddige zuwa bayan gwiwa.