Shafin koyon girkin Koriya da nake haɗawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga birnin Seoul. Yau ba fita za mu yi ba. Ku matso kusa da kwamfutar nan ku ga aikin da na sa a gaba, wato shafin intanet da zai koyar da girkin Koriya da Hausa.

Shawarar da aka fi ba ni ita ce in raba shafin gida biyu, 'yan koyo daban, gwanaye daban. Ban yarda ba. Baiwar Allah da ta shekara ashirin tana girki gwana ce, amma ba ta taɓa ganin gochujang, wato kwaɓaɓɓen barkonon Koriya, ba. To, ina za a ajiye ta? Shi ya sa na ba kowane abinci shafi guda. A sama akwai awo da hotuna daki-daki. Wanda ke son sanin dalili kuwa, ya taɓa nan, bayani ya buɗe masa.

Ga misali, doenjang jjigae, miyar da kusan kowane gida ke yi a nan. Doenjang waken suya ne da aka bari ya ruɓa cikin gishiri, kusan dai matsayin daddawa a wajenmu. Ɗan koyo zai karanta cewa ya tafasa busassun ƙananan kifi da ganyen teku mai suna dasima, ya tsame ganyen bayan kamar minti 10, ya dama doenjang, sannan ya zuba dankali, albasa da awara. Ya isa. Gwani kuma zai tarar da abin da ke ƙasa: ganyen nan in ya daɗe a wuta romon yauƙi yake yi, kifin in ba a cire masa kayan ciki ba ɗaci yake kawowa, kuma iyayen nan da ruwan wankin shinkafa suke ɗora miyar don ta yi kauri. Wannan sashen na fi ƙauna wallahi, don shi ke sa mutum ya daina leƙen takarda yana girki.

Sai maganar awo. Kofin awo na Koriya mililita 200 ne, na Amurka kusan 240. Ka ɗauko girki daga can ka auna da na nan, an samu matsala. Komai da giram da mililita na rubuta, cokali a gefe.

Kayan haɗi ma na ware musu wuri, kowanne da hoton kwalbarsa da rubutun Koriya a jiki, yadda za ka nuna wa mai shago. Ganjang, ruwan waken suyan nan, ba iri ɗaya ba ne. Guk-ganjang na miya ne, ya fi gishiri kuma launinsa bai kai sauran duhu ba. In ka musanya shi da na suya, miyar baƙi za ta yi.

Abin da ba na wasa da shi shi ne halal. Matsul, ruwan ɗanɗano da ake zubawa a nama, yakan zo da giya, wasu gochujang na kamfani ma haka, kalmar jujeong za ka nema a jikin roba, in ka gan ta to akwai giya a ciki. Kowane girki na sa masa alama, tare da hoton tambarin halal na Ƙungiyar Musulmin Koriya, wadda ke babban masallacin unguwar Itaewon a nan Seoul, da aka buɗe a 1976. Kimchi jjigae, wato miyar kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da barkono, da naman alade aka fi yin sa, amma su kansu Koriyawa suna yi da kifin gwangwani na tuna, kuma shi na sa a gaba.

Bidiyo ba zai kunna kansa ba, hotunan ma na rage musu nauyi saboda masu lallaɓa data. Gobe in Allah ya kai mu za ku raka ni kasuwar Gyeongdong, mu ɗauki hoton garin barkono, mai laushi na gochujang da mai tsaki-tsaki na kimchi.