Jawabi a taron ƙungiyarmu a Kumasi: sana'ar rage wa firosesa cin wuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya gafarta malamai, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan zama.

Duk wanda ya sha dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a ƙasar nan ya san darajar batir. Wayar da ke aljihunku tana yini da caji ɗaya ne saboda wasu masu bincike sun ba da rayuwarsu ga tambaya guda: ta yaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, za ta yi aiki mai yawa da wuta kaɗan? Ina so yaran Aboabo da Asawase su san cewa wannan ma sana'a ce, kuma ƙofarta a buɗe take.

Ga inda wutar take tafiya. Firosesa cike take da taransista, ƙananan makunnai biliyoyi, suna kunnuwa suna mutuwa bisa bugun wani agogo da ke cikinta. Kowane juyi yana cin wuta, cin kuma yana bin boltej (ƙarfin turin wutar) sau boltej. In ka sauko daga bolt 1 zuwa 0.8, kashi 36 cikin 100 ka rage, ba 20 ba. To me ya hana a yi ta saukewa? Taransista sai ta yi sanyin jiki: lissafi bai iso ba agogo ya buga, a kama amsar da ba daidai ba. SRAM, ma'ajiyar bayanai da ke cikin firosesa, ita ma takan fara mance abin da aka ba ta ajiya. Sannan akwai yoyo, wutar da ke zurarewa ko makunni na kashe, kamar famfon da bakinsa ya saki. Yoyo yana ƙaruwa da zafi, zafi kuma yana ƙaruwa da yoyo. Mai gyaran waya a Adum da ya ɗauki waya ta ƙona masa tafin hannu, batir kuma na zuba, ya ga alamar abin.

Yoyon nan ne ya sauya fagen. A 1974 Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka ƙanƙanta taransista aka rage boltej tare, zafi ba zai ƙaru ba. Shekara talatin ana cin moriyar haka. Wajen 2005 abin ya tsaya, boltej ya maƙale kusa da bolt 1. Pentium 4 na Intel ya tsaya a gigahaz 3.8, kamfanoni suka koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a cif ɗaya.

Daga nan dabarun suka yawaita: a tsayar da agogon sashen da ba ya aiki, ko a yanke masa wuta gaba ɗaya. Yankewar tana da tarko, don tayar da sashen yana cin lokaci da wuta. In barcin gajere ne, asara aka yi. Babban ɓarawon kuwa jigilar bayanai ne. Alƙaluman da Mark Horowitz na jami'ar Stanford ya gabatar a 2014 sun nuna cewa ɗauko lamba daga DRAM, babbar ma'ajiyar da ke wajen firosesa, ya fi tara lambobi biyu cin wuta sama da sau dubu. Kamar ka yi hayar mota zuwa Tamale don sayo gishirin miya.

Kuskuren da sabon ɗalibi ya fi yi shi ne murna da saukar wat. Wat saurin cin wuta yake aunawa, jul kuma jimlar wutar da aka ci. Wat 2 na daƙiƙa 3, jul 6 ne. Wat 1.5 na daƙiƙa 5, jul 7.5 ne. Na biyun ya fi sanyi, amma ya fi shanye batir. Jul nawa aikin ya ci, shi ake aunawa.

Ku dubi Steve Furber. Digirinsa na dakta a Kambirij kan motsin iska ne, ba kwamfuta ba. Shi da Sophie Wilson suka tsara firosesar ARM ta farko a kamfanin Acorn, ta fara aiki a Afrilun 1985 da taransista kusan 25,000. Burinsu kada ta kai wat 1, don a lulluɓe cif ɗin da roba mai araha. Sai ta fito tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na wat. A 1990 ya zama farfesa a jami'ar Mancesta, ya gina firosesocin AMULET marasa agogo, sannan na'urar SpiNNaker mai kwaikwayon ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda ƙananan firosesocinta suka cika miliyan ɗaya a 2018. Tsatson ARM ɗin nan ne ke cikin kusan kowace waya a ɗakin nan.

Hanyar yaro kuwa daga sakandare take farawa: lissafin zaɓi da fiziks a WASSCE. Sai shekara huɗu na injiniyancin kwamfuta ko lantarki, ga jami'ar KNUST a bayan gidanmu. Tun aji biyu ya koyi Verilog, harshen da ake tsara cif da shi, ya rubuta ƙaramar firosesa a kan RISC-V, tsarin da aka faro a Berkeley a 2010 wanda ba a biyan kuɗin lasisinsa. Ya gwada ta a allon FPGA, cif ɗin da ake iya sake masa tsari, ya bi da ita ta manhajojin tsara cif Yosys da OpenROAD, ya ga lissafin wutarta. Manhajojin nan kyauta ne. Aikin da ya gina da hannunsa, da wasiƙar malamin da ya san shi, su ke buɗe masa digirin dakta. A Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, kuma a wannan fanni galibi jami'a ce ke ɗauke kuɗin makaranta har ta ba shi na abinci.

Iyaye, a nan haƙurinku zai shigo, musamman ga 'ya'ya mata. Shekarun suna da yawa, kuma mujallu da taruka za su sha mayar masa da takardar bincikensa kafin a karɓa. Kada a ce masa ya bari ya zo shago.

Shugaba, roƙona ga kwamitin ilimi: a sayi allunan FPGA biyu ko uku a riƙa ba ɗalibai aro, a kuma ware kuɗin jarrabawar Turanci da na neman gurbi. Ɗaliban da ke so su rubuta sunayensu wurin sakatare kafin sallar la'asar.

Wassalamu alaikum.