Ina Kalangun Ya Tafi? Yadda Ake Adana Aikin Waƙa a Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haɗa kiɗa, na Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada da cikin birni. Ku ɗauka kun kunna kwamfuta. Saƙo ya fito a allo, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ce ke cewa ta nemi wasu sautuka ba ta gan su ba. An buɗe waƙa, tsarin kiɗa yana nan daram, amma kalangu shiru, muryar 'yan amshi shiru. Mawaƙi yana zaune yana jira, kai kuma gumi ya fara keto maka.

Sautin bai ɓace don kwamfuta ta lalace ba. Fayil ɗin aikinka, wanda ke ƙarewa da .flp a FL Studio, ko .als a Ableton Live, ko .cpr a Cubase (su ma manhajojin haɗa kiɗa ne), ba ya ɗauke da muryoyin da ka naɗa. Abin da ke cikinsa bayani ne: wane sauti, a wace folda yake, a wane wuri zai shigo, da wane ƙarfi. Kamar takardar lissafin kayan lefe ce. Ta faɗi atamfa nawa, leshi nawa, amma akwatunan suna wani ɗaki dabam. Ku auna da kanku. Minti ɗaya na WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai gefe biyu, a 44.1 kHz da bit 16, yana cin kusan megabait 10. A 48 kHz da bit 24 ya haura 17. To ta yaya waƙar minti biyar mai layin murya goma za ta shige fayil ɗin da sau da yawa bai wuce 'yan megabait ba?

Shi ya sa abu kaɗan ke wargaza aiki. Ka jawo sauti daga foldar Downloads, bayan wata biyu ka share ta don samun wuri. Ko ka sauya wa folda suna. Ko kuma wanda ya fi yaudarar mutane: sautukanka suna kan ma'ajiyar waje, jiya Windows ta ba ta harafin D, yau ka riga ka soka filash, sai ta koma E. Komai yana nan, amma adireshin da manhajar ta sani ya zama na ƙarya.

Maganin, waƙa ɗaya folda ɗaya, tun kafin ka buga kiɗan farko. Cubase da kanta take buɗe foldar Audio a cikin foldar aiki. A Ableton ka shiga File ka danna Collect All and Save, za ta kwaso duk sautin da ka yi amfani da shi ta zuba a wuri ɗaya. A FL Studio kuwa, File, sai Export, sai Zipped loop package. In kun yi, ku lura da girman fayil ɗin zip da ya fito, ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Wannan nauyin shi ne sautinka.

Amma kunshin ba ya ɗauko fulogin, wato ƙananan manhajojin kiɗa da ake ƙarawa cikin babbar manhajar. Idan Nexus ko Kontakt ka yi amfani da su, wanda zai yi maka miksin, wato daidaita sautukan, a Kaduna ko Kano kuma ba shi da su, zai buɗe ya tarar da gurbi babu kowa. Don haka ka fitar da kowane layi dabam a WAV, bit 24, dukkansu su fara daga farkon waƙa ko da layin sai tsakiya yake shigowa, sannan ka rubuta saurin kiɗan a sunan foldar. In ta WhatsApp za ka tura, ka haɗa su a zip ka tura a matsayin dokumen.

Maganar suna ba ta da tsawo. Sunan waƙa, sunan mawaƙi, kwanan wata da shekara a gaba, misali 2025-03-14, don su jeru da kansu. Kafin ka yi babban sauyi a FL Studio ka danna Ctrl da N, za ta ajiye sabon kwafi mai lamba, tsohon yana nan in mawaƙi ya ce na jiya ya fi masa daɗi.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. Sautukan da ka sauko da su daga intanet, in sun ɓace, data ce kawai za ka sake ƙonawa. Amma ranar da ka ɗauko makaɗin kalangu ka kawo shi situdiyo, ko mai gurmi, ko mai algaita, ka sallame shi, ya zauna ya ba ka hannunsa, abin da ka naɗa ran nan babu shi a ko'ina a duniya sai a kwamfutarka. A ƙasar Zazzau muke, inda kakaki da tambari da algaita suke raye a ƙofar fada, kuma tarin sautukan da ake sayarwa a waje ba kasafai za ka ji irin namu a ciki ba. Ni a ganina wannan ce dukiyar situdiyo, ta fi makirufo tsada. Ka ware mata folda tata, ka yanka kowane bugu, ka sa masa suna mai ma'ana: kalangu, amshi, saurin 105. Ka ajiye asalin naɗin ba tare da ka taɓa shi ba. Ka rubuta sunan makaɗin da abin da kuka yi yarjejeniya a kai a ƙaramin fayil a gefe, don haƙƙinsa ne, kuma bayan shekara uku ba za ka tuna ba. Sannan ka nuna wa FL Studio wurin ta Options, File settings, ka ƙara foldar cikin wuraren da take bincike. Daga nan kada ka sake matsar da ita.

Wuta kuwa kun san halinta, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ka kunna adanawa ta atomatik, ka rage tazarar. Aiki mai muhimmanci ya zama yana wuri uku: kwamfuta, ma'ajiyar waje, da wani wuri da ba cikin situdiyon ba, ko gida ko Google Drive, wadda ke ba da gigabait 15 kyauta. Ma'ajiyar da za ta riƙa yawo tsakanin Windows da Mac a tsara ta a exFAT, wani tsarin ajiye fayil a ma'ajiya, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Kafin ka share komai daga kwamfutarka, ɗauki zip ɗin nan ka kai shi wata kwamfutar, ta abokin aiki ma ta isa, ka buɗe, ka saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe. In kowane layi ya yi magana, sai ka share.