Naira Dubu 70 da Ma'aikacin da Doka Ta Tsallake

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70. Sai dai kafin kuɗin su shigo aljihu, kasuwa ta riga ta lashe su. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ta haura dubu ɗaya a ƙarshen 2024, kuɗin mota da kwanon masara suka bi bayanta.

To, wannan ma kukan mai takardar aiki ke nan. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka wanda ake biya gwargwadon abin da hannunsa ya yi. Ku leƙa ƙofar wasu masana'antu da sassafe: samari a layi, ɗan kwangila yana nuna wanda zai shiga yau. Ba fansho, ba hutu. In inji ya datse maka yatsa, a ba ka kuɗin magani, gobe wani ne a gurbinka.

Mai kamfani zai ce shi ma dizal ya cinye shi, ruwan banki ya shaƙe shi. Gaskiya ne. Amma ba ya iya rage wa banki ko sisi, sai ya rage daga gumin lebura. Haka jari-hujja take inda ba ƙungiyar da za ta taka mata burki.

A da akwai ta. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, unguwar Kakuri ta Kaduna ta cika da dubban ma'aikata masu ƙungiya mai haƙori. Aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, daga baya aka buɗe wa yadin waje ƙofa, wuta ta gagara, KTL ta rufe a 2002. Da yawa sun mutu suna jiran kuɗin sallama. Yau atamfar Sin ce ta cika Kantin Kwari.

Sabuwar dokar ta ce duk shekara uku za a sake duba albashi, ke nan 2027. A ganina, in ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta koma teburin da zancen adadi kawai, ta yi asarar zama. Ta nemi a soke waccan togaciya ta mutum 25, a tilasta ba wa 'yan aikin rana takarda bayan wa'adi, a kuma ba masaƙu wutar da za ta sa audugar Funtuwa ta sake samun mai saye a gida.