Iska a cikin bangon tumbi: lacca ga ɗaliban jinya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan kumburin tumbi mai iska, cutar da likita Fraenkel ya fara bayaninta a 1889.

Na farko, ba iskar gyatsa nake nufi ba. Ƙwayoyin cuta ne, irin su E. coli da Clostridium da Streptococcus, suke kutsawa cikin naman bangon tumbi, su zauna suna fitar da iska a ciki. Ba a cika ganinta ba, don Allah ya yi tumbi da ruwan asid da wadatar jini, ƙwaya ba ta samun wurin zama. Sai an yi mata ƙofa.

To wa ke buɗe ƙofar? Nan fa zan daɗe. Ciwon suga, ciwon ƙoda, giya, shan guba mai ƙona ciki, tiyatar ciki da ba a jima da yi ba. Sai kuma maganin ciwon jiki. Baba na fama da gwiwa, jika ya je kemis ya sayo diclofenac, a haɗa da ibuprofen, a sha ba a ci komai ba, yau da gobe, wata da watanni. Ku tambaya! Tsoho ba zai gaya muku ba, shi a wurinsa wannan ba magani ba ne, "na gwiwa" ne kawai. Ku ce a zazzage ledar a gabanku. Na ce a zazzage ledar. Kar ku yi dariya, a ledar wasu har da maganin maƙwabci.

Na uku... au, na biyu ko? Alamu: ciwon ciki mai tsanani, amai, wani sa'in da jini, zazzaɓi, jini ya sauka. Tsoho kan rikice ko jiki bai yi zafi ba, a ce olsa ce ta tashi. Hoton CT, wato na na'urar da ke hango cikin jiki, shi ke nuna iskar, wani lokaci har cikin jijiyar hanta. A tsofaffin rahotanni fiye da rabin masu cutar sun rasu.

Na'am, 'yar'uwa? Ko duk iskar da aka gani a bango sai tiyata? A'a. Akwai wadda amai mai ƙarfi ko sa tiyo cikin tumbi ke turawa, babu ƙwaya, mutum na zaune yana hira, ita ke bajewa da kanta. Ko mai ƙwayar ma, a hana shi ci, a sa tiyo ta hanci, ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyi mai ƙarfi ta jijiya. Wuƙa sai tumbi ya fashe ko naman ya mutu, ba a gaggawar yanka don naman da cutar ta kama ba ya riƙe ɗinki. An kira salla, na ukun sai mun dawo.