Yadda Ake Cire Boris Mai Allurai Daga Hannun Gaban Tsohuwar Mini

Assalamu alaikum, masu kallo. Ƙarfen da kuke gani a kan teburin nan na garejinmu da ke Kaduna shi ne hannun sama na ƙafar gaban Mini, ƙaramar motar Ingila da Alec Issigonis ya zana, wadda aka fara sayarwa a 1959 aka kuma daina ƙerawa a 2000. Bakaniken da ya taso a kan Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a unguwar Kakuri da ke nan Kaduna, ya saba da bushin roba a hannayen gaba. Wannan hannu kuwa yana juyawa ne a kan sandar ƙarfe, kuma a kowane bakin raminsa akwai boris mai allurai, wato siraran sandunan ƙarfe da aka jera cikin wani kwanon ƙarfe maras kauri, aka danna shi cikin ramin da ƙarfi.

Abin da ke kashe wannan boris shi ne rashin giris. Idan aka yi shekaru ba a ɗura masa ba, sai robar da ke rufe bakinsa ta bushe ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, allurai su yi tsatsa su fara cin sandar. Direba zai ji ƙwanƙwasa idan ya faɗa rami, kuma taya za ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.

Kafin hannun ya fito daga mota, dole a danne robar da ke ɗauke da nauyin motar, domin galibin Mini ba su da sifirin na ƙarfe, dunƙulen roba ne ke yin wannan aiki. Akwai abin dannewa na musamman da ake ɗaurawa ta sama, kuma a duba haƙoransa, domin tsofaffin robobi awon inci gare su, waɗanda suka biyo baya kuma awon milimita. Motocin da aka yi da tsarin Hydrolastic, mai haɗa roba da ruwa wajen ɗaukar nauyin mota, wanda ya shigo a 1964, sai an sauke matsin ruwansu tukuna. A yi wa hannun dama da na hagu alama, domin ba a musanya su.

Yanzu mun zare sandar, mun cire wosha da robobi, mun wanke ramin da kananzir. A nan nake roƙon a natsu. Tsohon boris ba zai sake aiki ba ko da ya fito lafiya, saboda haka ba shi muke tattali ba. Abin tattali shi ne bangon ramin da yake zaune a ciki, domin sabon boris ba shi da ƙarfin kansa, daga ramin yake samun daidaiton zagayensa. Idan aka karce ramin ko aka buɗa shi, sabon zai zauna a karkace, ko ya riƙa juyawa a cikinsa, kuma samun wani hannun a kasuwanninmu ba ƙaramar wahala ba ce. Shi ya sa ba na goyon bayan a fara da guduma da kurfi, duk da cewa su ne hannu ke fara kaiwa gare su.

Hanya mafi kyau ita ce a jawo shi. Wanda yake da abin cire boris mai buɗewa daga ciki, sai ya zura shi har haƙoransa su wuce bayan kwanon, ya ɗaure. Wanda ba shi da shi, zai iya amfani da notin bango mai buɗewa, irin wanda magina ke kafa ƙarfe a kankare da shi, muddin girmansa ya yi daidai da cikin boris ɗin. Masu tana, wato masu yanka ƙarfe da inji, a kasuwar Panteka ta Kaduna ma suna iya yanka makamancinsa idan aka kai musu hannun suka auna. Ku duba yadda nake ɗaure shi har ya kama sosai, sannan na kifa soket wanda bakinsa ya fi boris faɗi a kan fuskar hannun, na sa wosha mai kauri da noti a bayansa. Kowane juyi na sifana yana jawo boris ɗin cikin soket kai tsaye, ba tare da ya taɓa bango ba. Idan ya cije, a zuba man sassauta tsatsa a ba shi lokaci, ko a ɗan ɗumama ƙarfen da ke kewaye da shi, amma kada a bari ya yi ja.

Wani lokaci leɓen kwanon yakan yage, allurai su zube, a bar bawo kawai manne a ciki. A nan ne kurfi yake da amfani, amma siriri, kuma a lanƙwasa bawon zuwa tsakiyar ramin a wuri ɗaya har ya saki, ba a tura kaifin tsakaninsa da bango da ƙarfi ba. Da zarar na farko ya fita, na biyu ya zo da sauƙi, domin an sami hanyar zura sanda ta ciki a bugo shi a hankali, ana zagayawa.

A sake wanke ramin, a shafa yatsa a ji ko akwai kaushi, a goge da sanfefa mai laushi. A cire kan giris a tabbatar hanyarsa ba ta toshe ba, domin busasshen giris yakan daskare a wurin. Sandar da allurai suka yi wa zane a canza ta tare da boris. Wajen saka sabo, gefen da aka buga wa rubutu shi ne zai kalli waje, kuma a kansa ake dannawa, da bais ko da dogon noti, ba da duka ba. Bayan an haɗa komai, a ɗura giris har sai an ga ya leƙo ta bakunan biyu.