Man Jirgi Ba Na Ƙasa Ba Ne: Lacca ga Masu Koyon Gyaran Ƙananan Jirage

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana matasa, yau maganarmu a kan abin da makanikai da yawa suka raina ce, wato zubewar mai yayin da ake aiki a kan tanki da layukan man ƙaramin jirgi.

Ku fara sanin abin da ke hannunku. Jirgi mai injin fistin irin Cessna 172 yana shan fetur ɗin da ake kira 100LL. An rina shi shuɗi don a gane shi, kuma akwai dalma a cikinsa, har kusan rabin giram a kowace lita. Kananzir ɗin manyan jirage, Jet A-1, sai ya kai zafin digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta. 100LL kuwa ko a sanyin da ya fi na firiza yana kamawa. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske tartsatsi a can gefen rumfa. Wanda ya nutse a ƙasa kuma, dalmarsa tana nan, damina ta kwashe ta zuwa kwata da rijiyoyin mutane.

Bari in ba ku labarin kaina. Ina sabon shiga aiki, aka ce in canja ɗan bawul ɗin tsiyayar ruwa da ke ƙarƙashin fiffike. Tanki na da mai fiye da rabi. Na ga manya suna yi: a kwance tsohon, a toshe ramin da babban yatsa, a cusa sabon da sauri. Na kwance, zaren sabon ya ƙi kamawa. Mai ya biyo hannuna, ya shiga hannun riga, ya gangaro har hammata, sanyi kamar ƙanƙara, daga baya fata ta ɗauki raɗaɗi. Ina tsaye cikin tafkin fetur, ga wani yana aiki da na'urar lantarki kusa da ni. Allah ne kawai ya kiyaye. Tun ranar ban sake ɗora sifana a kan layin mai ba sai na tanadi inda man zai sauka.

Don haka a kwashe man tukuna. Durom na ƙarfe mai tsabta, mazurari na ƙarfe, a haɗa jirgi da durom da waya kafin ɗigon farko ya fito. Wannan waya ba ado ba ce, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke ba da tartsatsi. Jarkar roba tana tara irin wannan wutar, ku nisance ta. Aikin kuma a fili, ba cikin rufaffiyar rumfa ba, da abin kashe gobara a kusa. Akwai masu ɗora injin zuƙar ƙura a bakin tanki wai don ya riƙe man. Kada wanda ya koya a hannuna ya yi haka, tururin fetur kake tura wa injin lantarki mai tartsatsi.

Tankunan 172 a fiffike suke, nauyin man ne ke gangaro da shi. Kafin ka kwance kofin matatar da ke ƙasan inji, rufe bawul ɗin mai, sa faranti a ƙasa, domin abin da ya rage a tiyo zai fito. Duk layin da ka kwance, toshe bakinsa. Idan ka ajiye jirgi a gangare, kada ka bar maɓallin zaɓen tanki a kan duka biyun, man zai koma fiffiken da ke ƙasa ya fita ta bututun numfashi.

Zafi ma yana zubar da mai. Fetur na kumbura kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Ka cika lita 200 maƙil da asuba, ranar bazara ta ƙara masa digiri 15, lita uku ke nan suna neman hanyar fita. A bar masa wuri.

Sai ɗan man da matuƙi ke tsiyaya kullum don duba ruwa. Sababbin 172 suna da wuraren tsiyaya 13. Da an duba sai a watsar a kan kwalta, wannan ɗabi'a tana ci mini rai ƙwarai. Akwai kwalba mai raga da ke riƙe ruwa ta mayar da man tanki. In babu ita, a ajiye gwangwani mai murfi.

In kuma ya zube, ba a kora shi da ruwa. A kashe duk wata wuta, a zuba yashi, a kwashe cikin bokitin ƙarfe mai murfi, a canja riga nan take.

To, ku tashi mu je wajen jirgin. Kowa ya duba ƙarƙashin fiffike ya nemo mini shuɗin tabo, zan nuna muku zoben robar da ke jawo shi.